Daga Fakku Zuwa Shika

Wanda ya taso daga ƙasar Sakkwato ya nufi Zariya, asibiti yake fara gani kafin ya ga gari. Da ka baro Funtuwa, ka wuce Giwa, sai gonakin masara su fara ja da baya, gine-gine su ɓullo a gefen hanya, dogaye, a jere, da katanga mai nisan da ido yake gajiya kafin ya ga ƙarshenta. Shika ke nan, mazaunin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗiyar ƙanwata, wadda tun daga Tsafe take gyangyaɗi a kafaɗata, ta farka ta manna fuska a gilashin mota, ta ce da harshenmu na gida, "Kawu, wanga shi na asibitin?" Na ce shi ne. Ba ta sake cewa komai ba har muka sauka Samaru, amma na ga yadda ta riƙe jakar takardunta a ƙirji da hannu biyu.

Ni malamin makaranta ne daga Fakku, a ƙaramar hukumar Kebbe, can kudancin jihar Sakkwato inda ƙasarmu ta yi iyaka da Kebbi da Zamfara. Yarinyar nan a hannuna ta tashi. Tun tana firamare take cewa likita za ta zama, tun daga ranar da aka fita da wata maƙwabciyarmu mai naƙuda a bayan mota zuwa Tambuwal, aka dawo da jariri babu uwa. Da ta gama sakandare ta zauna jarrabawar JAMB, ta rubuta Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks, kamar yadda ake buƙata ga mai neman likitanci, ta sami maki mai kyau daga cikin ɗari huɗun da ake rabawa. A gurbin zaɓin farko ta rubuta Jami'ar Ahmadu Bello. Dangi suka yi ta magana. Ga jami'ar Ɗanfodiyo a Sakkwato da asibitin koyarwarta, me zai kai ɗiya mace wata jiha inda ba a san ubanta ba? Wani dattijo ya ce mini kai tsaye, "Malam, 'yan Kaduna za su bar nasu su ɗauki naku?" Da wannan tambaya na hau mota, kuma ita na je nemo wa amsa, ko da yake abin da na fito yi a fili shi ne raka yarinya jarrabawar tantancewa da jami'ar take yi wa masu neman gurbi.

Mun fita da asuba cikin damina. Daga Tambuwal muka bi ta Shagari da Bodinga zuwa Sakkwato, muka sauya mota, muka ɗauki hanyar Tureta da Talatar Mafara da Gusau. Tsakanin Kwatarkwashi da 'Yankara mota ta yi shiru, kowa da addu'arsa a baki, saboda abin da kowa ya sani game da wannan hanya a shekarun nan. Allah ya kiyaye. La'asar sakaliya ta yi mana a Samaru.

Mai masaukinmu wani tsohon ɗalibina ne, wanda na koya wa lissafi yana ɗan yaro, yanzu likita ne a Shika. Ya durƙusa ya gaishe ni a gaban matarsa da 'ya'yansa, ya ƙi zama a kujera sai da na matsa masa. Bayan sallar isha'i, da aka kawo tuwon masara da miyar kuka, na ajiye masa tambayar dattijon nan yadda aka ba ni ita. Ya yi murmushi, ya jawo takarda da biro, ya ce, "Malam, yau ni zan yi maka lissafi."

Ga abin da ya zana. Jami'o'in gwamnatin tarayya suna raba gurabensu kashi uku. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla: wanda ya fi maki shi ake ɗauka, ko daga Kalaba ya fito ko daga Illela, ba a tambayar jiharsa. Kashi 35 na jihohin da aka ware wa jami'ar ne a matsayin yankinta. Kashi 20 da ya rage na jihohin da aka lissafa cewa an bar su a baya a ilimin boko ne, su 23: jihohin Arewa 19 gaba ɗaya, da Bayelsa da Ribas da Kuros Riba da Ebonyi. To, jami'ar Sakkwato yankinta jihohi biyar ne, Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Katsina da Neja. Ita kuwa Jami'ar Ahmadu Bello, yankinta Arewa ce duka, jihohi 19, tun daga Kwara har Borno. Ya ɗora biro a kan takardar ya ce, "Ka ga ke nan ɗiyarka a Zariya ba baƙuwa ba ce. Ƙofa uku ne, kuma duka ukun tana da ikon ƙwanƙwasawa. Ɗan Zariya da aka haifa a Ƙofar Doka bai fi ta ƙofa ba."

Na ji sanyi a raina, amma bai bar ni na daɗe a cikinsa ba. Ya ce faɗin ƙofar shi ne kuma ƙuncinta. Inda jihohi biyar suke rabon kashi 35 a Sakkwato, a nan jihohi 19 ne suke rabonsa, cikinsu har da Kwara da Kogi da Binuwai da Filato, inda makarantun boko suka riga namu kafuwa da shekaru masu yawa. Sannan likitanci ba kamar sauran darussa ba ne da jami'a za ta ƙara kujeru a aji ta ce a shigo. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita take ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta horar, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta da kayan aikinta, kuma makarantar da ta zarce adadin tana iya rasa izini. Masu nema dubbai ne, guraben kuwa ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada da su. Wanda bai sa jami'ar a zaɓin farko ba, da wuya a duba takardarsa. Wanda bai ci darussa biyar da kiredit a jarrabawar gama sakandare ba, har da lissafi da Turanci da kimiyyar nan uku, bai ma shiga layi ba. Abu guda da ya yaba shi ne tsarin da JAMB ta kawo a 2017, wanda ake kira CAPS, inda ɗalibi yake duba matsayinsa a intanet da kansa, ya ga an ba shi gurbi ko ba a ba shi ba, ya karɓa ko ya ƙi. Ya ce wannan ya rage sayar da gurbin yaro yana zaune a ƙauye bai sani ba.

Ya tambaye ni ko mun zo da takardar indijin, wato shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Mun zo da ita, a cikin leda, cikin wata ledar. Wannan 'yar takarda mai hatimin Kebbe ita ce take shigar da yarinya ƙofa ta biyu da ta uku. Na san yara a ƙasarmu da suka ci jarrabawa suka tsaya saboda sunan da ke jikinta ya saɓa da wanda ke jikin katin ɗan ƙasa da harafi ɗaya.

Washegari muka shiga jami'ar. Na sha jin labarin Samaru, amma gani ya kori ji. Itatuwa manya sun rufe tituna, ginin majalisar jami'a ya tashi sama ana hango shi daga ko'ina, ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, wanda na tsaya a ƙofarsa na daɗe ina kallon yara suna shiga suna fita da littattafai kamar tururuwa a bakin rami. Abin da ya fi kama ni ba ginin ba ne, kunnena ne. A tsakanin ƙofar shiga da inda ake jarrabawar na ji Hausar Kano da ta Katsina da tamu, na ji Fulatanci da Barbarci da Nufanci da Yarbanci, na ji wasu harsunan da ban iya ko sanya musu suna ba. Yarinya mai hijabi har ƙasa tana tafe da wata mai kitso a buɗe, suna duba takarda ɗaya suna gardama a kan amsa. Ko sunayen ɗakunan kwanan ɗalibai darasi ne. Ga na Amina, ga na Ribaɗu, ga na Ɗanfodiyo wanda na ji kamar na ga ɗan'uwa a baƙon gari, ga kuma na Akenzua, Oban Binin wanda ya taɓa zama uban jami'ar. An ce mini tun 2015 ma Obin Onica ne aka naɗa uban jami'ar. Gidan da ya saba sa baƙo a saman tabarma tun daga shugabanninsa, ba abin mamaki ba ne ya buɗe wa 'ya'yan baƙi aji.

Kuma ai mu Sakkwatawa muna da hannu a ginin. Sardauna Ahmadu Bello mutumin Rabah ne. Da ya ga dama da ya ja jami'ar Arewa zuwa gida, babu mai hana shi a lokacin. A Zariya ya kafa ta, aka buɗe ranar 4 ga Oktoba 1962, a garin da ke tsakiya, wanda jirgin ƙasa yake ratsawa, wanda ya riga ya tara Kwalejin Barewa da cibiyar binciken noma ta Samaru da makarantar koyon mulki ta Kongo da kamfanin Gaskiya. Shugabanta na farko, Norman Alexander, mutumin Niyu Zilan ne. Wanda ya gaje shi a 1966, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe jami'ar, likitan yara ne, Ishaya Audu, Bahaushe Kirista haifaffen Anchau, wanda ya taɓa zama likitan Sardauna. A hannunsa aka buɗe tsangayar likitanci a 1967, ya riƙe jami'ar har 1975. Daga baya maƙwabcinmu Shehu Shagari ya ɗauke shi ministan harkokin waje. Na faɗa wa yarinyar wannan muna tafiya, don ta san cewa zumuncin ƙasarmu da wannan wuri ya girme ta ya girme ni.

Da ta shiga ɗakin jarrabawa, muka zauna mu iyaye a ƙarƙashin wata bishiya. A nan na ga abin da ya fi lissafin daren jiya ciwo. Kusa da ni wani ma'aikacin gwamnati ne daga cikin birnin Sakkwato, ya kawo ɗansa. Muka gaisa da murna, ɗan jiha ya ga ɗan jiha. Cikin hira na fahimci ɗansa ya yi makarantar kuɗi, ya yi shekara uku yana shiga ɗakin gwaje-gwaje kowane mako, ya yi darasin yamma na musamman don JAMB, yana da kwamfuta a ɗakinsa. Ni tawa ɗiyar hoton madubin ƙara girman ƙwayoyin cuta ta fi sani a littafi fiye da madubin kansa. Fiziks ɗinta rabinsa daga wani ɗan bautar ƙasa ta same shi, wanda ya yi shekararsa ya tafi, rabinsa daga tsofaffin takardun jarrabawa da na saya mata. Kwamfuta kuwa sai da jarrabawa ta matso ta fara taɓa ta. A idon dokar kaso, yaran nan biyu abu ɗaya ne: 'yan jihar Sakkwato, jihar da aka bari a baya. Ba na yi wa mutumin nan hassada, ya yi wa ɗansa abin da kowane uba zai yi. Amma a ranar na gane cewa kason da aka ware don ɗago na baya yana tsayawa ne a bakin iyakar jiha, ba ya gangarowa ƙaramar hukuma, kuma a cikin kowace jiha akwai na gaba akwai na baya. Abokin takarar ɗiyar Fakku na farko ba ɗan Kaduna ba ne da dattijonmu yake tsoro. Ɗan jiharta ne.

Ta fito fuskarta babu yabo babu fallasa. Ta ce kemistiri ya zo da sauƙi, fiziks ya riƙe ta.

Da yamma mai masaukinmu ya ɗauke mu zuwa Shika. Asibitin ya daɗe a cikin gari, a Tudun Wada, kafin ya tare a wannan mazauni a 2005. Mun bi dogayen barandu masu haɗa sashe da sashe, iska tana ratsawa. A kan tabarmi a gefen hanya majinyata ne daga ko'ina, na ji wata tsohuwa tana magana da Hausar Gummi har na tsaya muka gaisa, ta ce ɗanta aka yi wa aiki. Ɗalibai cikin fararen riguna suna bin wani babban likita daga gado zuwa gado, yana tambaya suna amsawa. Na lura da wata ɗaliba, daga jin Hausarta ka san ba da ita ta tashi ba, ta sunkuya a gaban wani dattijo tana cewa, "Baba, ina ke maka ciwo? Nuna mini." Dattijon yana gyara mata magana yana dariya, tana maimaitawa. Mai masaukinmu ya ce haka ake yi, duk wanda ya zo daga Kudu kafin ya gama shekarunsa shida sai bakinsa ya faɗa, domin mara lafiya ba ya jiran tafinta. Ɗiyata ta bi wannan ɗaliba da kallo har ta ɓace a kwana.

A ofishinsa ya ba ni labarin da ya sa na fara ganin wurin da wani ido. Ya ce yawancin abin da duniya ta sani game da cututtukan da suke kashe mu a ƙasar Hausa, a nan aka fara rubuta shi da hujja, kuma da yawa daga waɗanda suka rubuta baƙi ne. Kelsey Harrison, likitan mata ɗan Abonnema a jihar Ribas, ya zauna a Zariya ya bi diddigin haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne matan da ba su je awo ba, waɗanda ba su yi makaranta ba, da 'yan matan da suka ɗauki ciki jikinsu bai gama ƙosawa ba, su ne suke mutuwa, su ne suke kamuwa da yoyon fitsari. Da yake faɗa, maƙwabciyarmu da aka fita da ita a bayan mota ce ta tsaya mini a ido. Mutum ya taso daga bakin teku ya zo ya ƙirga gawarwakin matanmu ɗaya bayan ɗaya don a daina cewa ƙaddara ce kawai a yi shiru. Wane ɗan jiha ne ya yi mana fiye da haka?

Ya ci gaba. Eldryd Parry, wani likita daga Birtaniya, shi da abokan aikinsa suka lura da yawan matan da suke zuwa da kumburi da haki bayan haihuwa, zuciyarsu ta gaza. Suka bi al'adar jego suka ga alaƙar ciwon da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da wankan tafasasshen ruwa na kwana arba'in. Duk gidan da ke Fakku ya san waɗannan ukun. Brian Greenwood ya yi shekarun 1970 a nan kafin ya tafi Gambiya, yana aiki a kan sanƙarau, cutar da ta sake shigo mana Zamfara da Sakkwato a 2017 ta kwashe yara. David Warrell ya yi nasa aikin a kan saran maciji, musamman kububuwa, wadda duk manomi a ƙasarmu yake tsoron taka ta a lokacin girbi. Ga kuma Umaru Shehu ɗan Borno a fannin lafiyar al'umma. A wancan zamani har Malumfashi ake kai ɗalibai su zauna cikin mutanen karkara su ga ciwo a inda yake farawa. Makarantar da aka gina da hannun baƙi haka, in ta rufe ƙofa ga ɗaliban wasu jihohi ai ta yi wa tarihinta butulci. Ba ta rufe ba, kuma don wannan nake ganin girmanta.

A rana ta uku muka leƙa Wusasa, a gindin dutsen Kufena, don yarinyar ta ga garin da ya haifi likita na farko a Arewa, Dakta Barau Dikko, wanda sai da ya je Legas ya je Birmingham a Ingila kafin ya sami abin da yau ake nema a Shika. Asibitin koyarwa na jihar Kaduna sunansa yake ɗauke da shi. Daga nan muka shiga birni ta Ƙofar Doka, muka yi azahar a masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa tun zamanin Sarki Abdulkarim. Na sayi littattafan kimiyya na hannu a Sabon Gari, arha, iya abin da aljihuna ya ɗauka, don makarantarmu.

A daren ƙarshe muka koma kan maganar iyaka. Na ce masa abin yana ɗaure mini kai. Lokacin da nake saurayi, Jega da Aliero da Gummi duk jihar Sakkwato ce. A 1991 aka yanke Kebbi, a 1996 aka yanke Zamfara. Kasuwa ɗaya muke ci, aure ɗaya muke yi, amma yau ɗan Fakku da ya nemi jami'ar jiha a tsallaken wannan layi baƙo ne, domin jami'o'in jihohi 'ya'yansu suke fara duba wa, kuma yawanci kuɗin makarantar baƙo ya fi na ɗan gida. Zariya mai tafiyar yini guda ta ɗauke mu 'yan gida, wurin da ake zuwa a dawo kafin azahar ya ɗauke mu baƙi. Ya ce ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, jihar Texas doka ce ta hana makarantun likitancin gwamnatinta ba wa 'yan wasu jihohi fiye da kashi 10 cikin ɗari. A Indiya kashi 85 na guraben kwalejojin gwamnatin jiha na 'yan jihar ne, kashi 15 kawai ake sakar wa ƙasa baki ɗaya. Hujjarsu ɗaya ce: harajinmu ne, kuma ɗanmu ne zai tsaya ya yi mana aiki. Amma ya ce a Amurkan akwai wani tsari da ya fi kama da Zariya, inda jami'ar Washington tun farkon shekarun 1970 take horar wa jihohin da ba su da makarantar likitanci 'ya'yansu, Alaska da Montana da Idaho, daga baya Wyoming ta shigo, kowace jiha tana biyan kuɗin kujerun 'ya'yanta.

Hujjar nan ta cewa ɗan gida shi ke tsayawa, ban raina ta ba. Gaskiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2010 ta shawarci ƙasashe su riƙa ɗaukar ɗalibai 'yan asalin karkara a makarantun lafiya, saboda an ga su ne suka fi komawa karkara aiki. Amma in har wannan ce hujjar, to a bi ta har ƙarshenta. Wanda ya tashi a unguwar ma'aikata a babban birnin jiha, takardarsa ta ce ɗan jiha ne, amma da wuya ya yarda a tura shi Kebbe ko Kuchi ya kwana babu wuta. Wadda za ta yarda ita ce wadda uwarta take can, wadda ta san sunan matar da ta mutu a hanyar Tambuwal. Ra'ayina ke nan, kuma na faɗa wa mai masaukina, shi da kansa ya sunkuyar da kai, domin ya san shekara nawa rabonsa da gida. Ban faɗa don in kunyata shi ba. Ya ce, "Malam, gaskiya ka faɗa. In na koma da me zan yi aiki?" Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Da za mu tafi matarsa ta cika mana leda da dambun nama, shi kuma ya ba yarinyar tsohon littafinsa na ilimin sassan jiki, mai kauri kamar tubali, sunansa a bangon farko. Ya ce mata, "Ƙanwata, ko an ɗauke ki bana ko ba a ɗauke ki ba, ki fara karanta shi." Ya kuma gaya mata akwai wata hanyar in ta farko ta toshe: karatun share fage na IJMB, wanda jami'ar Zariya ce take kula da jarrabawarsa, ana yin sa har a makarantarta ta Funtuwa, wanda ya ci da kyau yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye. Da motarmu ta zo wucewa ta gaban Shika a hanyar dawowa, ta juya tana kallon asibitin ta gilashin baya har masara ta rufe shi.

Sunanta bai fito a likitanci ba a wannan shekara. An ba ta wani darasin kimiyya, ta duba a wayar maƙwabci, ta yi kuka dare ɗaya, da safe ta ce ba za ta karɓa ba. Ba a zalunce ta ba. Na ga makinta, na ji na waɗanda aka ɗauka, sun fi ta, kuma a fiziks suka fi ta. Na je na sami dattijon da ya yi mini tambaya na ce masa 'yan Kaduna ba su hana mu komai ba, Zariya ta ajiye mana kujera, mu ne ba mu aika yaro da ƙafar da zai hau ba.

Saboda haka kirana ga 'ya'yan Kebbe da Tambuwal da Allah ya ɗaga, likitocinmu da 'yan kasuwarmu da masu riƙe da muƙamai: ku haɗa hannu ku ɗauki nauyin malamin fiziks da na kemistiri da za su zauna a makarantunmu shekara da shekaru, ku sa kayan gwaji a ɗaki ɗaya, ku ajiye kwamfutoci da hasken rana inda yaro zai saba da su tun yana aji huɗu. Gwamnatin jiha kuma, idan za ta ɗauki nauyin masu karatun likitanci, ta raba guraben bisa ƙananan hukumomi 23, ta ɗaure kowa da sharaɗin komawa yankinsa aiki. Iyaye kuwa ku duba takardar indijin da katin ɗan ƙasa tun kafin a fara sayar da fom, ku tabbata sunan ɗaya ne harafi da harafi.

Littattafan Sabon Gari suna makarantarmu, yara suna karɓa bi da bi. Ɗiyata ta sake sayen fom. A gurbin zaɓin farko ta sake rubuta Zariya.